Sintirin Dare da Asubahin Mama

Rikicin Kaduna ya ɓarke ranar Litinin, 21 ga Fabrairun 2000, a kan batun kafa shari'ar Musulunci a jihar, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Kafin mako ya zagayo gari ya tsage biyu, kogi a tsakiya. Kiristoci suka yi ta kwashe kaya zuwa Kakuri da Sabon Tasha da Television, Musulmi kuma suka nufi Tudun Wada da Rigasa. Mu a Tudun Wada muke haya. Maigidanmu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, shi ya ɓoye mu a ɗakin buhuna har sojoji suka zo, daga nan muka tare gidan kawuna a Kakuri da 'yan ƙullin kayanmu.

A Kakuri samari ba sa barci. Da magariba ta yi, dokar hana fita ta fara aiki, sai mu tare bakin layi da benci da tsofaffin tayoyi, kowa da gora da tocila, shugabanmu da usur a wuya. Gadin ba shi da wuya. Hirar da ake yi a bakin wuta ita ce masifa: an kashe wane, an ƙone majami'ar wuri kaza, gobe da asuba za su shigo da motoci cike. Wani labarin gaskiya ne, mun ga gawa da idonmu. Wani kuwa a bakin wutar aka haife shi. Yaran da na sani a ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya, masu kunyar ɗaga murya, sai ga su suna rantsuwa da abin da za su yi in sun kama mutum.

Mama ba ta taɓa hana ni fita ba. Amma duk asuba in na dawo, idanu jajur, ina warin hayaƙin taya, zan tarar da ita a durƙushe kan tabarma a lungun kicin ɗin kawu, fitilar ƙwai a gefe, Littafi Mai Tsarki na Hausa a buɗe, wanda bangonsa ya yage ta ɗinke da ƙyallen atamfa. Sai ta ce, "Zo nan, ɗana. Ka tsare layi, sannu da aiki. To, me ya shiga cikinka daren nan?" Ba ta yarda da amsar "ba komai". Dole in zayyana abin da na ji, ita kuma ta bi shi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa: wannan ka gani ko an gaya maka? Wanda ya gaya maka yana wurin? Da ka ji, me zuciyarka ta so ka yi? Sannan mu yi addu'a a kan amsar ta ƙarshe.

Takan koma Matiyu sura 26, inda Yesu ya tarar da almajiransa suna barci a Getsamani, ya gargaɗe su su zauna a faɗake da addu'a don kada gwaji ya kayar da su. Abin da take nunawa shi ne a wannan daren aka zare takobi aka sare kunnen bawan babban firist, kuma wanda ya zare takobin daga cikin waɗanda suka yi barcin ne. A ganinta wanda bai yi addu'a ba, hannunsa zai riga hankalinsa.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne sunayen. Mama tana ambaton maƙwabtanmu na Tudun Wada a addu'a, Alhaji da matansa da 'ya'yansa, har mai shayin bakin titi, tana roƙa musu kariya da babbar murya. Matar kawu, wadda ta rasa ƙanenta a rikicin, ta kasa jurewa. "Yaya, a gidan nan? Jininsa bai bushe ba!" Mama ta kama hannunta, ta yi kuka tare da ita, ba ta yi mata wa'azi ba. Washegari ta sa sunan mamacin a gaba, sauran sunayen suka biyo baya, ba ta cire ko ɗaya ba. Har yau ina ganin wannan ya fi tsayuwa a bakin layi buƙatar ƙarfin hali, domin ita ma ta yi asara: keken ɗinkinta da duk abin da ta tara sun ƙone.

Azumin kwana arba'in ya kama ranar 8 ga Maris. Mama ta ƙara wa kanta wata doka, ba za ta maimaita labarin da ba ta gani ba har Ista. Matan Zumunta da suka zo da "kin ji abin da ya faru?" sai ta miƙa musu ruwa ta ce a fara da addu'a. Waɗansu suka daina zuwa, waɗansu suka ɗauki dokar.

Da rikici ya sake tashi a watan Mayu, samarin layinmu suka tare wani mai tura baro da ya makara. Matar kawu ce ta fito da zani ɗaya a ƙirji, ta ratsa tsakiyarsu ta kama rigarsa, ta ce baƙonta ne. A ɗakin kawu ya kwana, da safe aka miƙa shi ga sojojin da ke bakin gada.