Motar Lantarki: Ina Rabon Mutanen Zango?

Duk wanda ya san zangunanmu na Gana ya san mafi yawansu a bakin babbar hanya ko kusa da tashar mota suke. Haka Nima da Mamobi da Sabon Zango suke a Ankara, haka Aboabo take a Kumasi. Kakanninmu fatake ne, inda ayari ke sauka nan suka kafa gida, yau kuwa mota ta gaji jaki. Saboda haka duk wata magana da ta shafi mota da hayaƙinta, tamu ce kafin ta zama ta kowa. Mu ne ke shaƙar hayaƙin, kuma da yawanmu daga motar da ke fitar da shi suke cin abinci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska tana kashe mutum wajen miliyan 7 kowace shekara. Mu malaman makaranta ba sai mun buɗe littafi ba kafin mu gaskata. Ajin da tagarsa ke kallon titi, ajin tari ne, musamman lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta haɗu da hayaƙin gas. Uwar da ke sayar da koko ko wake da shinkafa a bakin tasha tun asuba, da jariri goye a bayanta, ita ma iskar nan take sha har rana ta take.

Daga ina hayaƙin ya fito? Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka aka kawo su. Wato motar da ta gama aikinta a can, ita ce sabuwa a nan. A yi mata fenti, a jera mata kujeru, a rubuta mata "Allah Ya Kiyaye" a goshi, ta zama trotro.

Gwamnati ta ɗauki matakai iri biyu, ya kamata mu san su. Na farko sanda ce. A watan Fabrairu na 2024 aka fara karɓar harajin hayaƙi: sidi 75 a shekara ga babur da mai ƙafa uku, sidi 150 ga ƙananan motoci, sidi 300 ga masu babban inji. Direbobi suka yi ta kuka, kuma suna da gaskiya, domin harajin bai duba ko injinka gyararre ne ko lalatacce ba, girmansa kawai ya duba. Mai kula da motarsa da mai baza baƙin hayaƙi kuɗi ɗaya suka biya. A 2025 sabuwar gwamnati ta soke shi.

Na biyu kuwa rangwame ne. A kasafin kuɗin 2024 an yi shelar ɗauke kuɗin kwastan na shekara 8 daga motocin lantarki na ɗaukar fasinja, da kuma sassan da kamfanoni masu rajista za su shigo da su don harhaɗawa a gida. A watan Disamba na 2023, a taron sauyin yanayi na Dubai, Gana ta bayyana manufarta kan motocin lantarki. Sannan a Nuwamba 2024 aka ƙaddamar da rukunin farko na bas-bas masu batir a Adenta.

Duk wannan abin yabo ne, ba ma raina shi. To amma mu tambayi kanmu, rangwamen nan hannun wa yake shiga? Harajin da gwamnati ta yafe kuɗin jama'a ne, wanda da an karɓa zai iya zama benci a aji ko magani a asibiti. Wanda ke cin moriyarsa shi ne mai ƙarfin zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema ya fanshi sabuwar bas. Direbanmu ba shi da wannan ƙarfi. Motar ma sau da yawa ba tasa ba ce, kullum yamma sai ya kai wa maigida kuɗin yini, abin da ya ragu su raba shi da yaron mota. Mai aboboya da mai pragya yawanci biya kaɗan-kaɗan suke yi har abin ya zama nasu. Ka ce wa irin wannan mutum an ɗauke kuɗin kwastan, kamar ka ce wa mai jin yunwa an rage kuɗin doki ne.

Akwai darasi a abin da ya faru da bas-bas ɗin Aayalolo. A 2016 aka fito da su, sababbi fil, tsakanin Amasaman da Tudu. Amma da yake ba a keɓe musu hanya tasu ba sai a 'yan wurare, cunkoson da ke riƙe trotro shi ya riƙe su, har a 2018 suka tsaya na wasu watanni. Mu kwatanta da Dakar ta ƙasar Senegal. A 2024 suka buɗe layin bas masu lantarki mai tsawon kilomita 18 da tashoshi 23, da taimakon Bankin Duniya, kuma suka ba shi hanyarsa shi kaɗai a tsakiyar titi. Tafiyar da ke cin kusan awa ɗaya da rabi ta koma kamar minti 45. Ashe sayen bas shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Idan bas mai tsabta ta maƙale a bayan tsofaffin motoci ɗari, fasinjanta hayaƙin dai zai sha.

Darasi na biyu daga Kigali ta ƙasar Ruwanda yake. Daga Janairu 2025 suka daina yi wa sabon babur mai fetur rajistar ɗaukar fasinja a birnin. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne tsarin musanyar batir. Batir shi ne mafi tsada a jikin babur na lantarki, don haka kamfani ke riƙe da shi. Mai babur ya je tasha, ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya biya kuɗin wutar kawai, cikin 'yan mintoci ya koma aiki. Wannan ya fi kusa da aljihun yaranmu na Tamale da Kumasi da Ashaiman. Da za a sa kuɗin tallafi a irin wannan, da talaka ya gani a ƙasa.

Sai maganar makanikai, wadda ba kasafai ake yinta a wajen manyan taruka ba. Motar lantarki ba ta da fulogi, ba ta da kafireta, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai. Ku je Suame Magazine a Kumasi, ko Abossey Okai a Ankara, ku ga dubban mutanen da waɗannan abubuwa ke ciyarwa. Cikinsu akwai ɗalibanmu da suka bar makaranta bayan ƙaramar sakandare suka shiga koyon aiki. Yaron da ya fara koyon gyaran inji bana, yana sa ran sana'ar ta riƙe shi shekara arba'in. Taya da birki da walda za su ci gaba, amma sauran aikin zai koma na waya da awon wuta da kwamfuta. Wanda bai iya karanta lamba a jikin mita ba zai zama ɗan kallo a garejin da ya girma a ciki. Wannan kuwa ya dawo da mu aji, wajen lissafi da kimiyya da yaranmu ke gudu.

Kada kuma mu manta da wutar kanta. Mun ga dumsor daga 2012 zuwa 2016, mun san yadda tela da mai sayar da ƙanƙara suka ji. Madatsar Akosombo ta 1965 ba ta isar ƙasa ita kaɗai, yawancin wutarmu daga injinan da ke ƙona iskar gas take fitowa, irin na Tema da Aboadze. Direban da ya dogara da caji, ranar da aka ɗauke wuta gidansa ba a ɗora tukunya. Haka kuma tilas a faɗa mana inda mataccen batir zai je. Mun san waɗanda suka yi ta ƙona waya a Agbogbloshie har aka rushe wurin a 2021, yawancinsu yara ne daga arewa. Ba ma so a share iskar Airport Residential a zuba dafin a bayan gidajenmu.

Don haka ga abin da muke roƙo. Na ɗaya, tallafi ya bi ta hannun ƙungiyoyin direbobi, ya zama rance mai sauƙin biya, a karɓi tsohuwar mota a matsayin kafin alƙalami. Na biyu, a fara sa bas masu tsabta da wuraren caji a unguwannin da hayaƙi ya fi yawa. Na uku, a ware wani kaso don horar da makanikai da yaransu a makarantun koyon sana'a, da harshen da suke ji.

Mu ma akwai namu. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba duk hayaƙin ne laifin gwamnati ba. Gyaran inji a kan lokaci, da guje wa gurɓataccen mai, da kashe mota idan ana jiran lodi, duk ba sa bukatar kasafin kuɗi. Sarakunan zango da limamai da shugabannin tasha su nemi sanin ƙa'idojin rangwamen nan, su bayyana wa jama'a. Masu adashi su duba ko mutum goma za su iya haɗa hannu su mallaki abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Iyaye kuma su bar yaro ya kammala karatu kafin a kai shi gareji. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Idan muka jira sai abin ya zo ƙofar gida, wasu ne za su mallaki motocin, mu mu wanke musu.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kare lafiyar yaranmu, Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu. Amin.