Kafin ka kama sabon wuri, ɗauko tef ka auna wanda kake ciki

1/ Masu ƙananan masana'antu da masu shirin buɗewa, ku matso kusa. Kukan da na fi ji a bakin masu injina shi ne "wuri ya yi mana kaɗan". Amma in ka tambaya ko an taɓa aunawa, sai a yi shiru. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/ Ni ke kula da teloli a wata masana'antar ɗinkin yunifom a Kano. Bara oga ya ce lallai sai an kama wani ɗakin haya. Kuɗin kuwa daga ƙarin albashin da teloli ke jira za a cire. Na roƙe shi ya ba ni mako guda in auna.

3/ Lissafin ba wuya. A ce tsawon ɗakinka mita 20 ne, faɗinsa 10, ka samu murabba'in mita 200. Sai ka auna inda ake aiki kaɗai: kekuna, teburin yanka, wurin guga, da mazaunin tela. In ka samu 90, to kashi 45 cikin 100 ne ke kawo maka kuɗi.

4/ Sauran 110 ɗin fa? Ka kasa shi uku: hanyar wucewa, kayan da ke jiran aiki, da tarkace. Namu tarkacen wallahi sai da ya ba ni tsoro. Matattun kekuna, buhunan ƙyallaye, kwalayen da babu mai tuna me ke ciki. Duk haya ake biya musu.

5/ Amma fa kar ka ce sai ka kai kashi 100. Ɗakin da ya cika maƙil tarko ne. Dole a bar hanya, a bar bakin ƙofa a sarari. Mu 'yan Kano ba sai an ba mu labarin gobara ba.

6/ Awo na biyu: zana ɗakin a takarda, ka bi yadi ɗaya da biro daga sito zuwa yanka, ɗinki, maɓalli, guga, har ninki. Turawa na ce masa zanen taliya. Namu ya cukurkuɗe, don teburin yanka na can ƙurya, nesa da sito.

7/ Taiichi Ohno na kamfanin Toyota a Japan ya lissafa ɓarna iri 7 a masana'anta. Biyu daga ciki su ne jigilar kaya da kai-kawon ma'aikaci ba dalili. Kwastoma ba ya biyan kuɗin takunka.

8/ Muka sayar wa 'yan gwangwan matattun kekunan, muka dawo da teburin yanka bakin sito, muka jera aikin kamar harafin U. Ba a kama ɗakin ba, teloli kuma sun ga ƙarinsu.

9/ Duk sanda sabon inji ya shigo, a sake awon. Mai wurin aiki, auna naka gobe ka faɗa mana kashi nawa ka samu.