Balgariya, ƙasar da ake soya cuku

Manoma da makiyaya, wannan wata za mu leƙa wata ƙasa ta Turai mai suna Balgariya. Babban birninta Sofiya. Gabas da ita Baƙin Teku ne, arewa kuma kogin Danub. Duwatsun Balkan sun ratsa ta tsakiyarta.

Ƙasar kiwon tumaki ce tun kaka da kakanni. Ran 6 ga watan Mayu ake bikin makiyaya, a al'adarsu ran nan ake fara tatsar tumaki. Akwai wata ƙabila, Karakacani, da ke hawa duwatsu da garkensu lokacin zafi, su sauko in sanyi ya kama, kamar yadda namu ke zuwa Ingal da damina. Cikin shekarun 1950 gwamnati ta zaunar da su wuri guda.

Cukunsu iri biyu ne manya. Akwai fari, sirene, da ake ajiyewa cikin ruwan gishiri. Akwai rawaya, kashkabal, na nonon tunkiya ko na saniya. Shi in nono ya daskare sai a tsiyaye ruwan, a bari ya ɗan yi tsami. Sannan a tsoma shi cikin ruwan zafi mai gishiri, a murza, a zuba cikin mazubi, a ajiye a ɗaki mai sanyi kamar wata 2. Kilo guda yakan ci kusan lita 10 ta nonon saniya.

To, ga suyar. A yanka shi kaurin yatsa. A birkiɗa cikin garin alkama, a tsoma cikin ƙwai, a sake birkiɗawa cikin garin busasshen burodi. Ko'ina sai ya rufu, in ba haka ba cukun ya narke ya tsere cikin kasko, an yi asarar mai da cuku. Ana jefa shi cikin mai mai zafi, da ya yi ja a kwashe. Baya ƙamas, ciki yana dalala. Sunansa kashkabal pane, da zafinsa ake ci kafin a kawo babban abinci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gishirin nan. Mu nan da damina nono har ya rasa mai saye, da rani kuwa yaro ya rasa na fura. Cukunmu rana ke busar da shi bisa tabarma, nasu gishiri da sanyi ke tsare shi. Gishiri muna da na Bilma, sanyin ne ba mu da shi. Busasshen cuku ba ya narkewa haka cikin mai, amma wagashin da ke shigowa Gaya daga Benin yana soyuwa sarai.