Dara a Allon Kwamfuta: Tafiya Zuwa Ƙasar Ɗambatta

Ɗan yayata ne ya dame ni da waya, wai lallai in zo ƙauye kafin hutu ya ƙare. Yana karatun kwamfuta a Kano, kuma shi da abokansa sun haɗa 'yar gasa a tsakaninsu: kowa ya ɗauki tsohon wasan bidiyo da aka daina yayinsa, ya sake ƙera shi da hannunsa, amma da kayan ƙauyensu a ciki. Ya ce, "Kawu, ku kuka yi zamanin wasannin nan. Ku ya kamata ku zo ku gani ko mun yi daidai."

Ranar Asabar da hantsi na hau mota. Muka ratsa Kurna da Rijiyar Lemo, muka iso Dawanau inda manyan motoci ke jere ana loda musu buhunan hatsi da riɗi, sannan muka karkata kan hanyar Ɗambatta, wadda ta zarce Kazaure da Daura. Daga nan hayaniyar birni ta fara raguwa, amma mutum bai ragu ba. Duk inda ido ya kai gona ce, daga wannan sai wannan, an raba su da shingen gamba ko aduwa. An gama girbi, an ɗaure karan dawa an jingina, kowane rumbu ya sha sabon jinka. Gawo ya fitar da ganye shar a tsakiyar gonaki kamar yadda ya saba da rani, bayan ya zubar da shi da damina ya bar shuka ta sha rana. Wannan yanki ne Bature masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari tun wajen 1960, ya nuna yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni da jakai ke ɗaukowa. Mutanen nan ba sa yar da tsohon abu matuƙar akwai sauran amfani a jikinsa.

A Ɗambatta, garin Sarkin Bai, har an fara sauke shanu saboda kasuwar Lahadi. Ɗan acaɓa ya ɗauke ni, muka bi burji, yashi na kama taya, hazon hunturu ya rufe gabas. Bayan na gaida yayata na sha fura, yaron ya ja ni sai shagon caji da ke bakin kasuwa. Nan ne zauren gasar. Faifan sola na kan rufin kwano, wayoyin mutanen gari jere a kan katako, kowace da lambarta a takarda. A kan benci kuma ga kwamfutar tafi-da-gidanka guda biyu da samarin ke karɓa-karɓa, ɗaya ma an ɗaure murfinta da salatif.

Abin da suke yi yana da tarihi a duniya, kuma sun san da haka. Tun 2002 ake gasar Ludum Dare, inda masu sha'awa ke ƙera wasa cikin kwana biyu. A 2009 aka fara Global Game Jam, wadda ake yi a ƙarshen Janairu a ƙasashe da dama lokaci guda. Masu koyon wannan sana'a sun daɗe da gane cewa sake gina tsohon wasa ita ce makaranta mafi sauƙi, domin ƙa'idojinsa kaɗan ne, kowa ya san su, in ka yi kuskure nan take za a gani. Ƙananan cikin samarin suna aiki da Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don koya wa yara, manyan kuma da Godot, wadda ake saukewa kyauta. Alƙalai su ne malamin firamare, da mai shagon, da wani dattijo gwanin dara. Kyautar kuwa katin waya ce da zakara.

Na farko ya kawo wasan maciji, wanda Nokia ta fara sa wa a wayoyinta a 1997, mu kuma muka san shi a 3310 bayan wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Nasa macijin akurki yake shiga yana haɗiye ƙwai, yana ƙara tsawo har ya sari jelarsa. Na biyu ya ɗauki Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, wanda mu muka buga a 'yar na'urar nan mai batir da ake sayarwa a Sabon Gari. Ya mai da tubalan buhunan gero da wake, in layi ya cika sai motar Dawanau ta zo ta kwashe. Na uku ya sa kowa tsayawa. Space Invaders ya ɗauka, na kamfanin Taito na Japan, na 1978, sai dai a maimakon halittun sama, jan-baki ne ke saukowa sahu-sahu kan gonar gero, yaro na ƙasa da majajjawa yana kora. Yana rage su suna ƙara sauri, kamar a na asali. Wani manomi da ya zo karɓar wayarsa ya tsaya kallo, ya ce ai haka suke, ba sa zuwa sai gero ya yi ido.

Ɗan yayata shi ne ya karya ƙa'idar gasar. Ya ce tsohon wasan da ya zaɓa ya girmi duk waɗannan, dara ce. Ya zana gidaje 30 a allo, biyar a shida, launin ƙasa, kowane ɓangare da 'ya'ya 12, ɗaya guntayen kara, ɗaya tsakuwa. Aka ba dattijon kujera. Bai taɓa kwamfuta ba, don haka da sandarsa yake nuna gidan da yake so, yaron na danna masa.

Tun wajen kasawa ya ɗaga hannu. "Tsaya, ɗana. Abin nan naka ya jera uku tun ba a gama kasa dara ba. Wa ya koya masa haka?" Yaron ya sosa ƙeya ya gyara, muna jira. Aka ci gaba. Dattijon ya yi shiru yana tauna goro, yana matsar da ɗa ɗaya gida ɗaya, ba ya tsallake, ba ya karkata. Can sai muka ga ya kafa doki: ɗa guda yake kai wa gaba ya cika uku ya ci, ya komo da shi baya ya sake cika wani ukun ya ci. Kwamfutar ba ta san ta toshe ba. Kafin a ankara tsakuwoyinta sun ƙare, yara suka kaure da ihu. Ya ce, "Ta iya tafiya, amma ba ta iya hange ba. Ci kawai take nema. Mai dara tun wajen kasawa yake gina dokinsa."

Sai kuma gardama ta tashi. Wani tsoho da ya zo daga wajen Makoɗa ya ce a garinsu ba a cin ɗan da ke cikin jerin uku na abokin wasa. Dattijonmu ya ce su tun tasowarsu suna ci. Kan cewa jerin huɗu ba ya ci kowa ya yarda, amma kan wannan kowa ya kafe, har aka kira sallar la'asar. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, to wanne zan rubuta?" Na ce ya rubuta duka biyun, mai wasa ya zaɓa tun farko, ya kuma sa sunan garin da kowace ƙa'ida ta fito.

Wannan tambayar ce ta fi tsaya mini a rai. Ƙa'idojin Tetris a ajiye suke, ko bayan shekara ɗari mai nema zai samu. Na dara kuwa a kan tsofaffin da ke zama gindin bishiya suke, kuma samarin da ya kamata su gaje su suna gidan kallon ƙwallo. Har yau muna cewa dara ta ci gida, alhali da yawanmu ba mu taɓa tona gurbi a ƙasa ba. Kwamfuta ba ta karɓar "haka muka taso muka gani". Dole a faɗa mata komai dalla-dalla, wannan dolen ce kuma ta zaunar da saurayi mai karatun zamani gaban dattijo yana tambaya yana rubutawa. Ban ga wani abu da ya yi wannan aiki a ƙauyen nan ba cikin shekarun da nake zuwa.

Mai jan-baki ne ya tafi da zakara, kuma ya cancanta, don nasa ne kaɗai ya yi aiki ba tangarɗa. Abin da ya rage mini daɗi shi ne babu mace ko ɗaya a cikin masu gasar. 'Yan mata na tsaye daga nesa da farantan talla suna leƙe. Da dare ƙanwar yaron ta tambaye shi ko carafke ma za ta shiga kwamfuta, ya ce in ta koya masa ƙa'idojin, shi zai koya mata Scratch. Yayata ta ce ita ce shaida.

Washegari na biyo ayarin masu zuwa kasuwar Ɗambatta, babura ɗauke da awaki da kaji a cikin kwanduna. Yaron ya rako ni har bakin titi da littafin rubutu a aljihu, don ya ji labarin akwai majalisar 'yan dara a bayan karar shanu, yana so ya ji yadda mutanen Kunci da Kazaure ke yin tasu. Na ba shi kuɗin data, na kuma yi masa alkawarin neman tsohuwar kwamfuta a wajen abokan aikina. Kwalejojin da ke Bichi da Ɗambatta suna da ɗakuna da ɗalibai. In suka buɗe ƙofa ga irin wannan gasa sau ɗaya a shekara, suka gayyato tsofaffin 'yan dara su yi alƙalanci, kuɗin da za a kashe bai kai na taron yini guda ba.