Warin Wiwi a Ofishin Haraji

A jihar Oregon ta Amurka akwai ma'aikatan haraji da aikinsu shi ne ƙirga tsabar kuɗi, daloli ɗauri-ɗauri, wasu ma suna tashin warin wiwi. Masu shagunan sayar da tabar ne ke kawo su a jaka, domin galibin bankuna ba sa yarda su buɗe musu asusu. Jiha ta halatta cinikin, ta ba da lasisi, ta ɗora haraji. Amma dokar tarayya ta 1970 ta sa wiwi sahu ɗaya da hiroyin, su kuwa bankuna gwamnatin tarayya suke shakka.

Mai ƙirgar nan shi ne abin dubawa. Ba ya noma, ba ya sayarwa, wataƙila ko sigari bai taɓa busawa ba. Haka abokin aikinsa mai buga hatimi a takardar lasisi, da wanda ke zaga gonaki a Colorado yana duba lambar da aka rataya wa kowace shuka. Duk aikin albashi suke yi. Sai dai wanda ya so ƙure su da dokar tarayya yana iya cewa sun taimaka wa fataucin haramtacciyar taba. Sun zama ɗan aike tsakanin kishiyoyi.

A 2011 manyan lauyoyin gwamnatin tarayya biyu na jihar Washington suka rubuto wa gwamna Christine Gregoire cewa ma'aikatan jiha ba su da kariya idan suka shiga harkar lasisin wiwin magani. Nan take ta soke sassan ƙudurin da suka shafi lasisi. Gwamnar Arizona, Jan Brewer, har kotu ta je a shekarar, tana neman a fayyace matsayin ma'aikatanta. Alƙaliya ta yi watsi da ƙarar a farkon 2012, bisa dalilin cewa ba a nuna wata barazanar gurfanarwa ta zahiri ba. Wato sai an kama mutum tukuna a yi maganar.

Jihohi sukan rubuta a dokokinsu cewa ba za a tuhumi ma'aikaci kan aikin da doka ta ɗora masa ba. Madalla, amma wannan kotunan jiha kawai ya ɗaure. Mai gabatar da ƙara na tarayya babu ruwansa. Tun 2014 majalisar dokokin tarayya ta hana ma'aikatar shari'a kashe kuɗi wajen hana jihohi aiwatar da dokokinsu na wiwin magani, sharaɗin da sai an sabunta shi a kowane kasafi, kuma bai shafi wiwin nishaɗi ba. Takardar ma'aikatar shari'a ta 2013 da ake kira takardar Cole, wadda ta umarci lauyoyin tarayya su sassauta wa jihohin da ke sa ido sosai, ba doka ba ce. Ministan shari'a na lokacin, Jeff Sessions, ya janye ta a Janairun 2018 da wasiƙa mai shafi ɗaya.