Ƙabli Da Ba'adi A Cikin Kwamfuta

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɗan yayata mai shekara 14. A shekarar 2023 muka gano cewa kuɗin koko da ƙosai da ake ba shi da safe suna ƙarewa a cacar ƙwallo ta wayar salula, ta hannun wani babban abokinsa. Duk wanda ke bin titi daga kasuwar Nima zuwa Maamobi ya san yadda wannan annoba ta shiga cikin samarinmu. An yi wa yaron faɗa, an yi masa wa'azi, an tuna masa aya ta 90 ta Suratul Ma'ida wadda ta haramta caca. Ya sunkuyar da kai, amma na lura a zuciyarsa yana ganin ranar cinsa tana nan tafe.

Ni kuwa bayan sakandare na ɗan koyi rubuta manhaja, kuma ina da wata tsohuwar kwamfuta. Sai na ce da shi ya tara abokansa, kowace Asabar bayan la'asar mu zauna a zauren gidanmu in koya musu ƙera wasa da hannunsu. Yara 6 suka zo, 2 mata ne. Ba ni na fara irin wannan a unguwar ba, domin Regina Honu da shirinta na Tech Needs Girls sun riga ni koya wa 'yan matan Nima wannan ilmi. Na zaɓi harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, saboda kyauta ne, kuma da zarar an sa shi ba ya bukatar intanet. Da yake kwamfutar ɗaya ce, kowa sai ya rubuta nasa a takarda, kamar yadda muke rubuta allo, kafin layi ya zo kansa.

Wasanmu na farko ba shi da hoto ko kiɗa, rubutu ne zalla. Kwamfuta ta ɓoye lamba tsakanin 1 da 100, yaro ya yi zato, ita kuma ta ce "ka yi sama" ko "ka yi ƙasa" har ya dace. Layi goma sha ne, amma ginshiƙai uku na wannan ilmi suna ciki. Na farko ma'ajiya, wato ƙwarya mai suna da ake zuba lamba a cikinta. Na biyu sharaɗi: idan kaza ya faru, yi kaza, in ba haka ba yi kaza. Na uku maimaici, kamar tilawa: ci gaba da tambaya har a sami amsa. Ɗaya daga cikin 'yan matan ce ta gano cewa in ka fara da 50, kuma kullum kana raba abin da ya rage biyu, ba za ka wuce zato 7 ba. Na faɗa musu cewa irin wannan tsararriyar hanya Turawa ke kira algoridim, kuma sunan ya samo asali ne daga Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, malamin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9.

Mahaifina limami ne, kuma zauren nasa ne. Wata Asabar ya tsaya yana sauraro, da yara suka watse sai ya kira ni. Ya ce, "Kai, wannan abu na ɓoye lamba a yi ta zato, mene ne bambancinsa da abin da muke raba yaron nan da shi?" Na ce, "Baba, babu kuɗi a ciki." Ya ce, "Yau babu." Ban iya ba shi amsa ba, kuma ban yi barci sosai ba a daren.

Da Asabar ta zagayo sai na sauya darasi. Na ce su rubuta wasan tambaya a kan sujadar rafkanuwa, wadda duk sun karanta a Ahalari a makaranta. Kwamfuta ta tambayi mai salla: ragi ka yi ko ƙari? Idan ragi ne ta ce ƙabli, idan ƙari ne ta ce ba'adi. Suka gama suna murna, na roƙi Baba ya gwada. Ya gyara tabarau ya ce, "To, wanda ya haɗa ragi da ƙari fa?" Muka rubuta haka, kwamfuta ta yi tsit, domin babu wanda ya sa mata wannan sharaɗi. Baba ya yi murmushi ya ce, "Ƙabli ne. Ashe na'urar taku ba ta san kome ba sai abin da ɗalibi ya sani." Limamin da bai taɓa riƙe kwamfuta ba shi ne ya kamo kuskuren farko a manhajarmu, kuma daga ranar ya riƙa ajiye buzunsa kusa da mu.

Shi ne ma ya ba da shawarar darasin da ya fi kowanne amfani. Ya ce tunda na'urar ba ta gajiya, a sa ta ta nuna wa yaron ƙarshen caca. Ɗan yayata da kansa ya rubuta: a fitar da lamba tsakanin 1 da 6, mai wasa ya biya sidi 1 na ƙarya, in 6 ta fito a ba shi sidi 5. Da ya gwada sau 10, wani lokaci ya ci riba, har ya dube ni yana dariya. Sai na ce ya sa maimaici sau 6,000. A lissafi 6 za ta fito kusan sau 1,000, wato ya biya sidi 6,000 ya karɓi wajen 5,000. Ya sake gwadawa, ya sake, kullum asara. Ya tambaye ni wa ya zaɓi a biya 5 maimakon 6. Na ce, "Kai ne, don kai ka rubuta wasan." Ya daɗe yana kallon rubutun nasa, sa'an nan ya ce, "Kawu, ke nan su ma haka suke yi."

Shiriya ta Allah ce, kuma har yanzu muna sa ido a kansa. Sai dai kuɗin koko sun koma ga mai koko, kuma yanzu wasan tambaya yake rubutawa a kan sunayen surori.

Ya ku iyaye, yaranmu suna riƙe da wayoyi cike da wasannin da wasu suka ƙera don amfanin kansu. Yaron da ya taɓa ƙera nasa, ko mai layi goma ne, zai riƙa tambayar wa ya sa sharaɗin kuma wa ke cin ribarsa. Tsohuwar kwamfuta ɗaya, da tabarma, da wani yaya mai haƙuri sun isa a fara. Kuma a bar ƙofar zaure a buɗe don malamai su leƙa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilmi mai amfani.