Barbarar Yanyawa a Bakin Garke

A ƙuruciyata, a wani ƙauye kusa da kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, kawuna yana da kare mai suna Bar-su. Uwarsa karyar gida ce, gajeriya kakkaura. Ubansa kuwa irin dogayen karnukan Buzaye ne na Azawak, masu shafaffen ciki, wanda ya biyo ayarin raƙuma ya yi kwana uku a garinmu. Mutane suna kiran Bar-su barbarar yanyawa, laƙabin da Bahaushe ke jifan mai asali biyu da shi, kuma ba yabo ba ne.

Amma garken kawu bai taɓa samun kamarsa ba. Ya gaji gudu da nisan gani wajen uba, ya gaji naci da sabo da mutane wajen uwa. Ba ya kora shanu, domin saniyar ƙasarmu muryar makiyayi take bi. Na taɓa tambayar kawu amfanin karen da ba ya kora, sai ya ce, "Ɗana, sanda ka kora, murya ka kira, shi ko shi ka kwana ido biyu." Ko malaman gari ba su ƙyamace shi ba, tun da shari'a ta halatta karen tsaron dabbobi da gona.

Sai da na shiga jami'a na karanta cewa a Ostareliya, wajen 1840, wani mai garke, Thomas Hall, ya haɗa karnukan kiwon Ingila da dingo, karen dajin ƙasar, ya sami irin da ke kora shanu da cizon dunduniya. Can da gangan aka yi gaurayen, har ya zama abin alfahari. Mu nan aikin muke yabawa, mu zagi asalin.

Wannan ne ke damuna yau. Ƙasar Sabon Birni da Isa ita kanta gauraye ce: Bagobiri ya ba Bafillace kiwon shanunsa, Bafillace ya sauka gonar Bagobiri bayan girbi ya bar masa taki, Buzu ya kawo gishiri ya koma da gero. Da kura ta ja baya, masu bindiga suka maye gurbinta. Daren da aka kore garken kawu, jikan Bar-su ya yi haushi har muryarsa ta dushe, amma haushi ba ya tsayar da harsashi. Tun 2019 dubban mutanenmu suka ƙetara jihar Maraɗi neman mafaka, kuma yanzu asalin mutum ake fara tambaya kafin a amsa sallamarsa.

Mu da muke nazarin kalmomi, ya kamata mu sake duban wannan laƙabi. Kawu dai bai taɓa furta shi ba. Idan wani ya kawo zancen, sunan karen kawai yake kira.